Siddiƙu Yana Hanya

"Wallahi sai ka faɗa min! Kun ci ko ba ku ci ba?"

"Ke dai ki jira ki gani a talabijin kamar kowa."

"Ni ce kamar kowa?"

Siddiƙu ya tuntsire da dariya, ya janye ƙafarsa kafin in taka ta. Mijina ke nan, malamin labarin ƙasa a wata sakandare a unguwar Tunga, nan Minna, mutumin da ya daɗe yana nuna wa yara tekuna a jikin taswira, alhali shi ko Legas sau ɗaya ya taɓa zuwa. Sai ga shi an zaɓe su, shi da amininsa John mai ɗaukar hoto, a wata gasa ta talabijin da ake zagaya duniya bibbiyu. Daga wannan ƙasa a faɗa waccan, a ba ku aiki ku yi, waɗanda suka iso a ƙarshe a sallame su gida. Mu dai a gidanmu Tseren Duniya muke ce mata.

Sun je sun dawo, ya rame ya yi baƙi, amma bakinsa gum. Wai sun ɗauki alkawari ba za su ce komai ba sai an gama nuna shirin, shi kuwa shirin sai bayan Babbar Sallah za a fara.

"Haba Nawa... ko a kunne ne. Ni fa matarka ce."

"Ai shi ya sa. Kafin Azahar duk unguwar Limawa ta ji."

Na sha kunu, na juya masa baya. Ya matso ya ɗora haɓarsa a kafaɗata.

"Hidayata, so nake in zauna gefenki ina kallon fuskarki lokacin da kike kallona. Kar ki hana ni wannan mana."

"Ni ba ma zan kalla ba."

"Za ki kalla."

Na yi masa yajin magana har washegari. Da na san abin da ke tafe, wallahi da ban ɓata ko numfashi ɗaya a kan fushi ba.

Ana dab da fara nuna shirin ya tafi Suleja ɗaurin auren wani abokin aikinsa. A hanyar dawowa motarsu ta yi karo da tirela. Gawarsa aka kawo min.

Inna, mahaifiyarsa, gida ɗaya muke da ita. Ana faɗa mata ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti ta yi kwanakin zaman makoki gaba ɗaya, da ta farfaɗo kuma ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ranar nan ta goge daga kanta tas. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Siddiƙu bai dawo daga tafiyar tasa ba?"

Likita ya ja Yaya Ndakotsu, wan mijina, gefe. Ya ce jininta a sama yake, wani tashin hankalin zai iya tafiya da ita. Don haka da ta sake tambaya a gida, muka kalli juna, sai bakina ya riga na kowa.

"Yana hanya, Inna."

Haka na shiga takaba ina jinyarta. Ba fita, ba kwalli, ba lalle, ba turare. Da rana in yi mata wanka in ba ta kunu, in na ji kukan ya taso min sai in shige kicin in kunna famfo.

Lahadin farko da za a nuna shirin, Yaya Ndakotsu ya ce kar a kunna. Na ce masa to. Yana fita sallar La'asar na kunna. Ni fa ba na jin magana in abin ya shafi Siddiƙu, shi ma ya san haka tun yana raye.

Kiɗan shirin ya tashi, sai ga shi... Ga shi nan da ransa, da ƙatuwar jaka a baya, da rigar da ni na goge masa da hannuna, yana gudu a filin jirgi John yana biye. Na cije gefen mayafina don kar ihu ya kufce min.

"Ga shi nan! Ga ja'irin nan!" Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya tana nuna shi. "Dubi yadda ya rame. Ba sa ba su abinci ne?"

Ita a wurinta abin a lokacin yake faruwa. Ban gyara mata ba.

Daga nan rayuwar gidanmu ta koma jiran Lahadi. Mun gan shi a wata kasuwa a Masar yana ciniki da Larabcin allo, 'yan kasuwa suna ta dariya. Mun gan shi a bakin teku yana ɗaukar kwandon kifi a ka, ya fi duk Turawan iyawa. A wata ƙasa aka ajiye musu wani abu mai ƙafafu da yawa wai su cinye, ya kalli farantin ya kalli John, John ya rufe ido ya cinye na mutum biyu. Ranar da ya fara taɓa ƙanƙara kuwa, ihu ya yi da Hausa, "Wayyo Allah hannuna!"

"Sa hula, don ƙaniyarka!" in ji Inna, tana dukan katifa.

Na yi dariya har da hawaye. Rabona da dariya tun ranar Suleja.

Abin da ya fi ba ni mamakin kaina shi ne ƙarshen kowane shiri, in ana jiran a ga su wa suka makara. Inna ta ja carbi tana addu'a, ni ma in tsinci kaina ina cewa, "Allah kar su zo ƙarshe... Allah kar su zo ƙarshe." Ni da na san ya riga ya dawo, na kuma san inda aka kwantar da shi. Amma muddin yana cikin tseren, yana da wurin zama a duniya. Ranar da aka sallame shi gida, Inna za ta fara kallon ƙofa, ni kuma ban san me zan ce mata ba.

Wata Asabar da hantsi John ya yi sallama. Tun rasuwar bai iya shigowa gidan ba. Ya zauna a zaure tare da Yaya Ndakotsu, ni ina tsaye bayan labule. Hausarsa irin ta mutanen kudancin Kaduna ce, bai taɓa bambance min mace da namiji ba, a da Siddiƙu ya sha tsokanarsa a kai.

"Amarya, ka yi hakuri. Na yi alkawari ba zan fada ba, amma zuciyana ya ki kwanta." Ya sauke murya. "Gobe ne. Gobe ne za su cire mu."

Na dafa bango.

"Kuma da suka cire mu, an ba shi dama ya yi magana wa gida. Ya ce in matsa, wai magana na shi da matan shi ne. Na je wajen kaya na zauna, ban ji ba. Amma ya dade yana yi. Da ya gama idon shi ya yi ja."

"Da ni ya yi magana?"

"Da kai ne. Ya kira sunanka, wannan dai na ji."

Bayan John ya tafi, Yaya Ndakotsu ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Gobe ba za a kunna ba, Hidaya."

"Yaya!"

"Ki saurare ni. Ta gan shi ana cewa ya tafi gida, me zai biyo baya? Kullum tana zaune tana jiran sallamarsa. Ta sa a share ɗaki, ta sa a yanka kaza. Ƙarshe dole a faɗa mata, ki kuma ji abin da likita ya ce. Amma in ba ta gani ba, sai mu ce an daina nunawa a nan, yana can yana yawonsa."

"Ni kuma fa? Maganarsa ta ƙarshe ce gare ni!"

"Duk Minna za ta kalla. Sara ta maƙwabta za ta faɗa miki abin da ya ce."

"Ba bakin Sara nake so ba! Muryarsa nake so, Yaya... muryarsa!"

Talabijin ɗaya ce a gidan, kuma a ɗakin Inna take. Ba sa maimaita shirin, ba mu san mai na'urar ɗauka ba. In kuwa na tsallaka maƙwabta, ga takaba, ga Inna da ba ta yarda in matsa daga gefenta ranar Lahadi.

Yaya ya miƙe, idonsa cike da ƙwalla. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko a ranar jana'iza.

"Na binne ƙanina, ba na so in binne uwata a shekara guda. Amma ke kike wankanta, ke kike ba ta abinci. Ba zan tilasta miki ba. Ki yanke da kanki."

Na fi son ya tilasta min. Da na sami wanda zan ji haushi.

Ranar Lahadi na tashi da ciwon kai. Inna kuwa tun safe take murna, ta sa na ɗaura mata sabon ɗankwali. Na kalli hannunta na hagu a yashe a kan cinya, na kalli jakar magungunanta. Matar nan ita ta je gidanmu a Maitumbi da ƙafarta ta roƙi iyayena aurena, ita ta riƙa shiga tsakani duk ranar da na yi wa ɗanta rashin kunya. Ana kiran La'asar na zaga bayan ɗaki inda mita take, na zare fis ɗin wutar, na ƙulle shi a bakin zanina.

Fanka ta tsaya.

"Af! Sun ɗauke, Inna," na faɗa ba tare da na kalle ta ba.

"Yau ma?"

"Yau ma."

Na zauna a ƙasa kusa da gadonta na ɗauki mafici ina yi mata fifita. Ɗakin ya yi tsit. Abu ɗaya na manta da shi: bangonmu da na su Sara ɗaya ne. Can sai ga kiɗan shirin yana ratso bango, ƙasa-ƙasa amma ba mai kuskure shi. Na ƙara ƙarfin fifitar. Na kawo hirar farashin doya, na kawo ta auren 'yar wance, duk Inna ba ta tanka ba. Lokaci yana ta tafiya. Ta bangon na ji yaran Sara suna ihu, "Ku yi sauri! Ku yi sauri!" Sai kuma suka yi shiru gaba ɗaya.

Hawayena suka fara ɗiga a kan maficin.

"Hidaya."

"Na'am, Inna."

"Su wutarsu daban aka ja musu?"

Na ajiye maficin.

"Tashi ki mayar da abin da kika cire, 'yata." Muryarta a kwance take. "Na sani. Na daɗe da sani."

"Inna..."

"Ni ma na yi takaba. Wace mace ce mijinta yana hanya za ta zauna ba kwalli, ba lalle, kitso ya tsufa a kanta, ko ƙofar gida ba ta leƙawa? Hankalina ya dawo tun ranar da ya taɓa ƙanƙarar nan. Na kalle ki kina dariya, na kalli hannunki fari fat, sai komai ya faɗo min. Na yi kukana kina kicin kina naki."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In na faɗa, Ndakotsu zai ce a rufe talabijin, a daina tayar da mamaci. Ke kuma ranar Lahadi kaɗai kike cin abinci." Ta ture ni da hannunta mai lafiya. "Yi gudu! Yaron nan yana magana!"

Na fita da gudu ba takalmi. Ƙullin zanin ya ƙi kwancewa, na sa haƙori. Fis ɗin ya faɗi ƙasa, na ɗauka, na sa shi a karkace, na sake cirewa na gyara. Da na dawo ɗaki tsohuwar talabijin ɗin tana ta tsaki, murya ta riga hoto fitowa.

"...shi ke nan abin da nake so ki sani, Hidayata. Ban taɓa faɗa miki ba don kar kanki ya yi girma."

Na durƙushe a gaban gilashin. Hoton ya washe. Yana tsaye a wani fili mai iska, hularsa a hannu, yana dariya yana share ido da bayan hannu. Saƙon nawa ya wuce. Duk abin da ya tanadar min ya faɗe shi ina bayan ɗaki ina kokawa da ƙulli.

Ya ɗauki jakarsa kamar zai tafi, sai ya juyo.

"Au, Inna! Na san kina kusa da ita. Rigimammiya ce, amma ki riƙe min ita kafin in iso."

Ya ɗaga hannu, ya juya baya, ya bi John. Kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa.

Kukan da na yi watanni ina kaiwa kicin ya ɓalle a nan tsakar ɗaki. Ban san lokacin da Inna ta jawo jikinta zuwa bakin gado ba. Sai dai na ji hannu ɗaya ya kamo wuyan rigata, ya ja ni da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba, har kaina ya kwanta a cinyarta.

Ba ni take kallo ba, talabijin take kallo, inda babu kowa sai rubutu.

"Na riƙe, Siddiƙu," ta ce. "Je ka abinka, na riƙe."