Kabewa Bakwai a Lambun Sista

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna wata dattijuwa ta shigo ofishin 'yan sanda da katin asibiti a hannu. Ba ta tsaya a kanta ba, kai tsaye ta wuce teburin Sufeto.

"Ɗana, an yi mini sata."

Sufeto ya ja mata kujera. Ya san ta, kamar yadda kowa ya san ta. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, har yanzu kuma Sista ake ce mata.

"Me aka ɗauka, Mama?"

"Lambuna. Kabewa bakwai, tumatir, tattasai, karas, kabeji. Ƙarfe takwas na fita awon jini, na dawo na tarar an yashe ni."

Kofur da ke rubuta rahoto ya danne dariya. Sista ta juyo ta kafe shi da ido har sai da ya sunkuyar da kai.

"Bara mijina ya rasu," ta ce. "Lambun nasa ne. 'Ya'yana suka ce in bari a zuba siminti, wai ba zan iya ba. Ni kaɗai na yi kaftu, na shuka, na yi ban ruwa. Jibi za su zo da jikokina mu yi girbi. Me zan nuna musu? Ƙasa?"

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Kofur, kawo mota."

Lambun yana bayan gidan, kewaye da shingen waya, da ƙaramin ƙyaure mai fita wani lungu. Kaka ta shigo, ruwa ya ɗauke, ganye ya fara komawa rawaya. Sufeto ya bi kunya-kunya a hankali, ya tsuguna gaban yaɗon kabewa ya ɗaga shi.

"Kofur, me ka gani?"

"An tsinke su, Yallaɓai."

"Ba tsinkewa aka yi ba. Yanka ne, da almakashin lambu, a karkace. Dubi tumatir, nunannu kawai aka cire, ɗanye ko ɗaya ba a taɓa ba. Babu kunyar da aka taka." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ɓarawonmu yana ganin girman shuka."

"Aƙalla dai ba jahili ba ne ya taɓa mini kaya," in ji Sista.

A bakin ƙyauren baya Sufeto ya ga sawun baro a ƙasa mai laushi. Tayar sabuwa ce, zanenta ya fito raɗau. Sawun ya shiga lungu, ya ɓace inda kwalta ta fara.

Daidai nan mai kayan gwari ke da rumfa. Yana hango kaki ya hau jera albasar da take a jere.

"Ka ga wani ya wuce da baro da safe?"

"Ni? Ban ma fito ba sai yanzun nan, Yallaɓai."

Sufeto ya taɓa latas ɗin da ke kan tebur. "Wannan ya yi yaushi. Ya kai awa uku a rana."

Mutumin ya yi tsuru-tsuru. "To, na fito da wuri. Tsoro na ji. Kowa ya san na roƙi Sista ta sayar mini da kabewar nan ta kore ni. Amma bincika rumfar, ko tsinke babu."

Kofur ya bincika. Babu komai.

"Baron fa?"

"Na ji wucewarsa sau uku, ina ciki ina wanke kaya. Ban leƙa ba. Abin da na sani, bai yi ƙara ba. Duk baron unguwar nan kuka yake kamar jariri, wannan kuwa shiru. Ka tambayi bakanike."

Garejin yana ƙarshen layi. Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma.

"Baro? Ni motoci nake gyarawa, amma jiya na yi wa Hedimasta alfarma. Na sa masa sabuwar taya, na zuba giris. Ya ce lallai a gama jiya, yau yana da girbi."

"Wane Hedimasta?"

"Tsohon shugaban makarantarmu. Gida na uku daga na Sista. Ai lambunsa ne abin kwatance a nan. Shi ya koya wa rabin unguwa shuka."

Da suka fito, Sista ta tsaya cak a gefen mota.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Shi ya nuna mini yadda ake barbarar furen kabewa da hannu. Aminin mijina ne."

"Gaishe shi kawai za mu yi, Mama."

Hedimasta ya buɗe ƙofa da kansa. Dogon tsoho ne, rigarsa a goge, tabarau a karan hanci, yana dogara sanda. A falo an jera kujeru, an shimfiɗa sabon mayafi a tebur.

"Baƙi kake jira, Baba?"

"Ɗana da iyalinsa. Ƙarfe huɗu za su iso. Kowace kaka suna zuwa girbi, shekara goma sha biyu ba fashi."

"Ina baronka?"

"Ya lalace. Tun watan jiya yake jingine."

"Ko za mu ga lambun? An ce babu kamarsa."

Tsohon ya ɗaga haɓa. "Ba a yi ƙarya ba. Bismillah."

Daga bakin ƙofa lambun ya yi kyau. Kwanduna huɗu cike da tumatir da tattasai da karas suna jere a inuwa. Kabewa manya-manya suna kwance cikin yaɗo suna sheƙi. Kofur har da yin fito.

Sufeto ya shiga tsakiyar lambun ya murza ganye ɗaya, ya ruguje a hannunsa, fari fat kamar an barbaɗa toka. Ya duba itacen tumatir, duk sun bushe tun daga gindi. Ya duba kunyar karas, ƙasar a daskare take, babu alamar an tone ta.

"Yaushe ka cire karas ɗin nan, Baba?"

"Da safe."

"Daga ina?"

Hedimasta ya nuna wani gefe da sanda, bai kalli wurin ba.

Sufeto ya sunkuya ya rungumi kabewar da ta fi girma, ya miƙe da ita. Ta taso salin-alin, yaɗon bai ko motsa ba. Ya ajiye, ya ɗaga ta biyu. Haka ta uku. Kowacce an yanke ta ne, an tura wurin yankan ƙarƙashin busasshen ganye.

"Mataccen yaɗo ba ya haifar irin wannan," ya ce. "Kofur, leƙa bayan tankin ruwan can."

Kofur ya turo baro. Sabuwar taya, ɗanyar ƙasa a jikinta, ko ƙis bai yi ba.

Sista ta matso a hankali. Ta dafa babbar kabewar, ta juya ta, ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce. "Kai?"

Tsohon ya zauna a bakin tanki. Ya cire tabarau ya riƙe.

"Ni ne. Rubuta, Sufeto, ba sai ka wahala ba." Ya ja numfashi. "Tun tsakiyar damina cuta ta kama lambun. Gwiwata ta hana ni tsugunawa, ina kallo ya mutu. Duk sanda ɗana ya kira, sai in ce bana ta fi bara. Jikokina har kwanduna suka saya."

"Me ya hana ka tambaye ni?" in ji Sista. "Da ka buɗe baki, da kaina zan turo maka rabi."

"In roƙi ɗalibata?" Ya girgiza kai. "Na fi wata ina tsayawa a shingenki ina kallo. Shekara arba'in ina shuka, ban taɓa fitar da kabewa irin wannan ba. Mijinki ma bai taɓa ba, Allah ya ji ƙansa. Na ce in dai za a ɗauke ni hoton girbi da wata kabewa, to da wannan ce."

Sista ta share ido da bayan hannu, amma kafaɗunta sun miƙe.

"Kofur," ta ce, "ka rubuta wannan ma. Daidai yadda ya faɗa."

"Na rubuta, Mama."

Sufeto ya sa aka ɗauki hoton kayan, aka loda kashin farko a baron domin a mayar mata. Sannan ya tsaya gaban tsohon.

"Baba, sai mun je ofis ka ba da bayani. An shigar da ƙara. Abin da zai biyo baya, tsakaninka da mai kaya ne da doka."

Kofur ya taɓa ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai.

"In kana so mu bi ta lungu, babu wanda zai gani."

Hedimasta ya mayar da tabarau, ya gyara wuyan riga, ya miƙe da ƙyar.

"Ta lungu na shiga da safe. Yanzu ta ƙofar gida zan fita."

Maƙwabta sun taru a layi. Ya ratsa su kansa a sama, sandarsa na buga kwalta. Da ya zo bakin mota ya juyo.

"Sista, kada ki jera su a kan siminti, za su ruɓe ta ƙasa. Ki sa katako."

"Na riga na yanka katakon, Malam," ta ce. "Tun makon jiya."

Tsohon ya gyaɗa kai sau biyu, irin na malamin da aka ba amsa daidai, ya shiga mota. Kofur ya rufe ƙofa.

Sufeto ya miƙa hannu zai kama baron. Sista ta ture hannunsa.

"Bari, ɗana. Ni na shuka, ni zan kai su gida."

Ta kama ta tura, mutane suna darewa suna ba ta hanya.