Harshen Aro

Tun kafin alƙaliyar ta ajiye kofin, Renata ta san an gama da ita. Matar ta kurɓi gahawar, ta yamutsa fuska kamar wadda ta tauna tsamiya, ta sunkuyar da kai. Duk mai haɗa gahawa da ya taɓa shiga gasar baje kolin Seattle ya san ma'anar wannan fuskar.

Renata in fargaba ta kama ta, bakinta ɗaci yake yi, zuma da maɗaci duk ɗaya ne a wurinta. Shi ya sa ranar gasa saurayinta Cormac ne harshenta. Shi ke ɗanɗana kofin gwaji a bayan labule, ya ce a ƙara laushin niƙa ko a rage. Yau ya kurɓa ya ce, "Ya yi, zuciyata. Je ki cinye su."

Da ta sauko daga dandamalin gasar, tsoro ya riga ya sake ta. Ta tace sabon kofi ta ɗanɗana da kanta. Tsami ne zalla.

"Cormac... me ka ba ni na kai wa mutane?"

Bai ɗago ba.

Sabine ce ta amsa a madadinsa, abokiyar karawar Renata a gasar, wadda ta daɗe tana son Cormac ta rasa. Dama mai neman kuka ce aka jefe ta da kashin awaki.

"Ayya, ƙawata. Wani ya ɗan murɗa miki injin niƙa ke nan. Amma ai ko ɗan koyo ya kurɓa zai gane." Ta gyara gashinta. "Tambayi mai harshen zinariya. Rannan gahawa na ƙonewa a gabansa, hayaƙi ya cika shago, shi yana ta fito abinsa."

Mahaifin Renata, tsoho Gunnar, ya baro rumfarsa inda yake baje injinan gahawa na gida da yake ƙerawa da hannu. Bai taɓa son Cormac ba, baiwar ɗanɗanonsa kawai ta sa ya haƙura.

"Gaskiya ne, yaro?"

"Gaskiya ne. Tun zazzaɓin bara. Ba na jin ƙamshi, ba na jin ɗanɗano."

"To magana ta ƙare. Ni dama harshenka na bai wa 'yata, ba kai ba."

"Baba, don Allah ka ba mu wuri," in ji Renata.

Suka rage su biyu. A cikin zaure ana ta tafa wa wani. Gasar ma ta fita daga ranta, abin da ke cin zuciyarta daban ne.

"Gahawar da nake haɗa maka kullum da safe fa?"

"Ruwan zafi nake sha, Renata."

"Kake lumshe ido... kake ce min akwai lemo a ciki, akwai zuma..."

"Fuskarki nake dubawa, in faɗi abin da kike son ji."

Hawayen da take dannewa suka zubo.

"Ranar da ka nemi aurena ka ce kofina ne ya hana ka kallon kowace mace."

Ya ce, "Ranar ma."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Tsoro. Kowa harshena yake so, masoyiya. Na ɗauka ke ma haka ne."

Wannan ta fi tsamin kofin zafi. Ta yafe masa gasar tun kafin ya roƙa, amma ta rasa inda za ta sa wannan kalmar.

"Ni bakina ya mutu na jingina da naka, ban ji kunya ba. Kai naka ya mutu ka ɓoye min. Da ka faɗa, wallahi da na zame maka harshe har ƙarshen rayuwata."

"Yanzu fa?"

Ta zare zoben baikonsu a hankali, ta sa masa a tafin hannu ta rufe da nata.

"Yanzu ko ka ce kana sona, zan yi ta tunanin fuskata ka duba."