Yarinya Mai Saurin Loma

A wani gari can da daɗewa, an yi wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu mai saurin loma. Kullum ita da kakarta suke cin tuwo a akushi ɗaya. Hannun tsohuwar rawa yake yi, kafin ta kai loma ɗaya yarinyar ta kai uku. In tuwo ya ƙare, sai tsohuwa ta ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Ran nan yarinyar ta dawo ɗaukar akushi, sai ta tarar da kakarta tana suɗe ɗan abin da ya maƙale a gefensa. Kunya ta rufe ta, ta koma da baya.

Washegari suka wanke hannu, suka yi bismilla. Kaka ta kai loma ɗaya, yarinya ta kai ɗaya. Kaka ta tsaya tauna, yarinya ta dakata.

Tsohuwa ta dube ta, ta ce, "Ke kuwa yau ba kya jin yunwa ne?"

Ta ce, "Ina ji, Kaka. Jiran ki nake yi."

Tsohuwa ta ci har ta ƙoshi da gaske. Ta riƙo hannun jikarta, duk da miyar da ke jikinsa, ta ce, "Na gode, 'yar nan. Ranar da hannunki ya fara rawa, Allah ya ba ki mai jiran ki."