Maɓallin Kaset

Ranar wata Talata ta shigo shagonsa rungume da tsohuwar rediyon mahaifinta, kuma a ranar ya yi ƙaryar da ta kai shi ga aure.

Rediyon irin ta da ce, jikin katako, fuskar ƙarfe, maɓallai shida a jere. Ta dire ta tsakanin matattun wayoyin da ke kan teburinsa tana haki.

"Malam, Babana ya ce kada a canza mata komai. A dai sa ta yi magana."

Ya kwance murfin, ya jona lasifika, ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ƙara, kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Babu abin da ya ƙone. Datti ne ya daskare a ciki: a fesa maganin wanki, a danna sau talatin, a bari su sha iska. Kafin ta huce gajiya zai iya gamawa.

Sai ya ɗago ya dube ta.

"Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne," ya ce. "Ki riƙa leƙowa."

Ta riƙa leƙowa. Duk mako yakan wanke maɓalli ɗaya a gabanta, da nutsuwar likitan tiyata. A zuwa na biyu ta gaya masa dalilin. Ciwon suga ya cinye idon Baba. Mama ta rasu shekara huɗu da suka wuce, abin da ya rage nata wani kaset ne da take faɗa da yara tana dariya. An taɓa saka shi a ƙaramar rediyo ta tauna gefensa, tun daga nan Baba ya rantse ba za a sake kunna shi ba sai ta wannan.

Ya ji, ya tausaya ƙwarai. Ya bar maɓallin kaset a ƙarshen layi.

Saƙonta yakan shigo da hantsi.

"Injiniya, yau wane maɓalli ne ya sami lafiya?"

"Na tashar waje. Saura uku, Mai Kaset. Ki zo da kanki, rediyon ba ta jin maganata sai kina nan."

"Da hannunka ya kai bakinka sauri da tuni an gama."

A mako na huɗu maganar soyayyarsu ta isa gidansu yarinyar. Gwaggonta, ƙanwar Baba, tana da nata gwanin, wani mai kantin magani da ya aiko da sabuwar rediyo fil a kwali, Baba ya sa aka mayar ko buɗewa ba a yi ba.

"Mai warin dalma za ki kwaso mana?" in ji Gwaggo. "To ki ji, ranar da rediyon nan ta dawo gida, ƙafarki ta bar shagon nan."

Kuka yarinyar ta zo ta yi masa, ta maimaita maganar Gwaggo. Shi kuwa abin da ya tsinta a ciki ɗaya ne: muddin rediyon na hannunsa, za ta zo.

Ya yi ƙarfin hali ya je gaida Baba. Ya tarar da tsoho a kujerar roba, fuskarsa na kallon kantar da rediyon ta bar gurbi.

"Kai ne ka riƙe mini rediyo, yanzu kuma kake neman 'yata? Sai me za ka ɗauka, kujerar?"

"Ana kan aiki, Baba."

"Yaushe zan ji ta?"

"Mako mai zuwa, in Allah ya so."

"Allah dai ya so," in ji tsohon.

Ranar Alhamis ta mako na shida, da la'asar, saƙo ya shigo.

"Baba ya rasu."

Da aka dawo daga maƙabarta ya buɗe shago shi kaɗai. Feshi biyu a maɓallin kaset, ya danna, ya danna, ya jira. Ya ɗauki rediyon a kafaɗa har gidan makoki. Aka saka kaset. Muryar Mama ta cika falon, tas, ba ko ƙura, tana cewa wa ya bar mata ƙofa a buɗe. Kujerar robar na nan inda take.

Gwaggo ce ta fara share hawaye.

"Ni ban so ka ba, kuma ba zan ɓoye ba. Amma Yaya ya bar magana. Ya ce yaron da zai yi mako shida yana fama da tsohuwar rediyo bai ce a yar da ita ba, ba zai yar da mace ba. Ya ce a ba ka."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Aka yi addu'a, aka sa albarka, kowa na cewa Allah ya ba da zaman lafiya, kuma Allah ya bayar. Amarya ta riƙe hannunsa ta ce, "Injiniyana, haƙurinka ne ya aure ni."

Shekara tara tana ba baƙi wannan labarin, shi yana murmushi yana zuba musu ruwa. Sau da yawa ya buɗe baki, sai ya ga fuskarta ya ce a ransa bari sai mako mai zuwa. Haihuwa ta uku ta tafi da ita cikin yini guda.

Bai taɓa samun ce mata ba: "Mai Kaset, ni na hana Baba jin muryar Mama."