Gilashin da Ya Raba Ja da Shuɗiya

Ranar da Auta ta fara ganinsa tana riƙe da bokiti ne, zaninta ya jiƙe sharkaf, ranta a ɓace. Tankin kifin Abba ya tsage ta gefe, ruwa yana bin kafet ɗin falo, shi kuwa Abba yana tsaye yana ba da umarni kamar har yanzu yana ofis. Mai Gilashi ya yi sallama ya shigo da jakar aikinsa, ya dubi tsagin, sannan ya dubi Auta, kallon da ya fi ƙarfin aikin da aka kira shi. Ta galla masa harara. Ya yi murmushi ya karɓi bokitin daga hannunta.

Tun da Abba ya yi ritaya ba shi da zance sai na diskos, wasu kifayen ado masu faɗi kamar faranti. Auta ce mai canza ruwa, ita ce mai wanke matatar ruwan tankin, ita ce kuma mai shan faɗa in ɗaya ya ƙi cin abinci. Ta tsani kifayen nan, kuma ba ta ɓoyewa.

Gyara ya ƙare, amma zuwan Mai Gilashi bai ƙare ba. Yau ya zo duba gam, gobe duba murfi. Daga ƙarshe saƙo ya shigo wayarta: "Gimbiya, uzurina ya ƙare kaf. Ki ba ni izini in zo don ke."

Ta mayar masa: "Ka zo. Amma kana yi mini zancen kifi za ka koma inda ka fito."

Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Sai neman suna a wajen suruki ya ɗebe shi, ya sayo wani ƙaton diskos ja ya kai wa Abba kyauta. Ja na shiga tanki ya zama ɗan daba. Ya kora sauran bayan kututturen ado da ke cikin tankin, ya hana su abinci, sannan ya liƙe wa Shuɗiya, 'yar lelen Abba a cikin kifayen, yana cafkar bakinta yana karkaɗa jiki. Abba ya ce mutumin da bai san halin abin da yake kawowa gidan mutane ba, ba shi za a ba wa 'ya ba.

Ana cikin haka ɗan abokin Abba, wani ma'aikacin banki, ya fara sintiri. Zai zauna gaban tanki yana gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa, Abba yana yaba hankalinsa. Auta kuwa ta rantse barci yake yi da ido buɗe.

Ba dabarar da ba ta gwada ba. Ta sauya wa kututture da ganyaye wuri don kowa ya manta iyakarsa, ta riƙa zuba abinci a kusurwa biyu, ta rage hasken fitila. Ja ko a jikinsa. Ƙarshe Abba ya yarda Mai Gilashi ya shigo, ba don gaisuwa ba, don ya yanko gilashi ya raba tankin biyu. Aka killace Ja shi kaɗai. Sauran suka sarara, amma Shuɗiya ta daina cin abinci, launinta ya yi duhu. Abba ya ce aikin Ja ne, kuma in ta mutu kada wanda ya sake ambata masa yaron nan.

Shi ma Mai Gilashi ya ƙara mata da nasa ta waya: "Rabin raina, kullum ina ganin mota a ƙofarku. In an riga an yanke magana, ki faɗa mini in haƙura."

"Haƙurin me? Kai ka kawo masifa, ni nake jinya, sannan kai ne mai fushi? Ba inda za ka."

Ta ajiye wayar da ƙarfi ta koma kan aikin ruwa, ƙwalla na neman zubo mata, don tana sonsa kuma ta gaji. A nan ta lura da abin da ta daɗe tana gani ba ta kula ba. Ja yana manne da gilashin ta can, Shuɗiya ta nan, su biyun suna tsattsagar wuri ɗaya da baki. Ba wani ilimi ne ya motsa ta ba, haushi ne kawai. Ta naɗe hannun riga ta zare gilashin.

Abba ya miƙe zai yi faɗa, Umma ta riƙe masa hannu ta ce ya bari a gani. Ja ya nufi Shuɗiya, suka yi ta karkarwa gefe da gefe, sannan suka hau goge bututun matata tare. Da yamma ta ci abinci. Ba a daɗe ba Abba ya tarar da ƙwai jere reras a jikin bututun, su biyun suna yi musu fifita da fikafikai. Ashe duk korar da Ja yake yi, share wa iyali fili yake.

Abba ya cire tabarau ya goge.

"To wa ya ce a raba su tun farko?"

"Kai," in ji Umma. "Kuma ba su kaɗai ka raba ba."

Ya dubi Auta, ta sunkuyar da kai. Ya yi gyaran murya ya ce ta gaya wa yaron nan ya turo manyansa.

Aka ɗaura aure cikin farin ciki. Ranar da za ta tare, Abba ya dafa kanta ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ta yi kuka sosai, amma can cikin ranta tana murnar ta rabu da bokiti.

Tana shiga sabon falonta ta yi turus. Tanki ne sabo fil a jikin bango, Ja da Shuɗiya a ciki, 'ya'yansu ƙanana sun yanyame su. Abba ne ya aiko, wai sun hana sauran sakat, kuma ba wanda ya fahimce su sai ita.

Ango ya fara ja da baya yana dariya. Auta ta ɗauki bokitin da aka haɗo da shi ta danƙa masa.

"Ranar farko kai ka karɓa da kanka, masoyi. Riƙe abinka."