Buhun Gawayin Gamba

Ana shirin kiran magariba, Tayyiba na hura wuta, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakin mahaifinta Tanimu, a Bagama cikin Suleja. Aka ce yara ne. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya, alhali ba kowa a kan katanga.

Gawayin da take girki da shi sabo ne. Tanimu da ƙaninsa Nu'uman sun gaji wani fako mai ƙaton dutse a gefe, a hanyar Garam, wanda ko gero ba ya yi. Wasu 'yan kamfani daga Abuja suka sa su dasa gamba, ciyawar da ake yanka duk shekara ta sake tohowa, a matse ta a inji ta zama gawayi. Nu'uman ne ya tsaya kan yankan farko. Shi ne kuma ya aiko wa wansa buhu guda kyauta, alhali shi Nu'uman ko ɓarin goro ba ya ba kowa.

Kwana uku ana jifa da almuru. Ran na huɗu Tayyiba ta daina magana. Ta zauna gaban murhu tana kwasar toka tana rungumewa kamar jariri. Uwarta Yalwa ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Aka ɗauko Malam Khamis. Ya zauna ya fara karatu a hankali, gidan ya yi tsit. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Kun ci amana. Mun yi alkawari da ubanku: gindin dutsen fakon nan namu ne, in za a yi yanka a yi mana sallama kwana uku mu kwashe 'ya'yanmu. Sai ga lauje, ba sallama. Shimfiɗar ɗana kuke ƙonawa."

"Wallahi ban san da alkawarin nan ba," in ji Tanimu.

"Ƙaninka ya sani, a kunnensa tsohon ya faɗa. Gidansa muka fara jifa. Da ya gane buhun muke bi, sai ya aiko maka."

"Ki ji tsoron Allah ki saki yarinya," in ji malam. "Ba ta da laifi."

Aka daɗe ana ja. Daga ƙarshe tsohuwar ta yarda: a mayar da tokar da ragowar buhun, gindin dutse kuma kada lauje ya ƙara taɓa shi. Tayyiba ta yi atishawa sau uku, ta sulale, ta farka tana neman ruwa.

Duk wannan Nu'uman na tsaye bakin zaure, ya zo jaje. Tanimu ya ji abin ya fi jifan ciwo.

"Ga rafi, ga daji da za ka zubar da shi," ya ce. "Me ya sa gidana?"

Nu'uman ya sunkuyar da kai. "Yaya, na ga kai ba ka wasa da salla. Na ɗauka ba za su iya da kai ba."

Tanimu ya saɓi buhun zai mayar fakon, ya ce wa Yalwa ta sa sakata in ya fita, kada ta buɗe wa kowa, ko da ɗan'uwa ne.