Ranar Da Chebo Ya Shiga Teku

Cukun akuya Chebo ya sauko da shi daga kan dutse zuwa bakin ruwan San Ignacio, sai ya ga Nayeli tana wanke kwale-kwalen mahaifinta. Ya saki baki yana kallo har wani kare ya yi awon gaba da curi guda.

"Bawan Allah, ana yi maka sata," ta ce tana dariya.

"Ƙyale shi. Ba cuku kaɗai aka sace mini yau ba."

Kafin wani lokaci soyayya ta kankama. Sai dai mahaifinta Don Fermín, wanda sana'arsa kai baƙi kallon bayena, manyan dabbobin tekun nan masu zuwa haihuwa da sanyi, ya ce atafau bai yarda ba.

"Mutumin da ko iyo bai iya ba? In ruwa ya taso, wa zai tsare mini 'ya?"

Nayeli ta sha kuka. Da yamma saƙon Chebo ya shigo wayarta:

"Kurciyata, gobe zan bi ku teku. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma rashinki ya fi ba ni tsoro."

Washegari a cikin kwale-kwalen, Chebo ya ƙanƙame katakon zama. Can sai wata bayena da ta fi kwale-kwalen tsawo ta ɗago kai dab da Nayeli. Babu wanda ya tuna ya gaya masa cewa a nan dabbobin da kansu suke zuwa a shafa su.

Zumbur ya miƙe, ya tura Nayeli bayansa, ya ware hannuwa, ya runtse ido.

"Ni za ki fara ci!"

Baƙi suka fashe da dariya. Nayeli ta kamo hannunsa ta ɗora a kan dabbar.

"Buɗe ido, masoyina. Gaisuwa ta zo yi."

Don Fermín kam bai yi dariya ba.

"Yaro, da gaske ka zaci haɗiye ta za ta yi?"

"Da gaske, Baba."

"Kuma ka shiga tsakani?"

Chebo ya sunkuyar da kai don kunya.

Kafin bayena su bar ruwan aka ɗaura aure a cocin garin. Tsohon ya damƙa hannun 'yarsa a na ango.

"Iyo ni zan koya maka, ɗana. Sauran kana da shi. Allah ya yi muku albarka."